Faifan da Ba a Gwada Ba

A layinmu babu wanda ya raɗa wa Injiniya sunan Injiniya. Shi ya ba kansa, ya sa aka rubuta a jikin ƙofarsa da jan fenti, mu kuma muka bi shi da shi don a zauna lafiya. Ni mai aski ne, shagona yana kallon tagar ɗakinsa, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gani, wani ma da kayana aka yi shi. Mutumin nan ya taɓa gyara mini fanka. Tun daga ranar take juyawa da baya, iskar tana dukan bango. Da na yi ƙorafi sai ya ce sabon salo ne, bangon ne zai sanyaya iskar ya dawo mini da ita.

Matarsa Auta 'yar Baba Ƙa'ida ce, shugaban garejin manyan motocin bas. Shekara talatin da biyar Baba yana riƙe da wurin, kuma doka ɗaya gare shi wadda har 'ya'yan direbobi sun haddace: motar da ba a gwada ba, ba ta fita. Kafin ya faɗe ta sai ya yi gyaran murya sau biyu, ya turo tabarau kan karan hanci, ya kaɗa tarin mabuɗan da ke ƙugunsa. Da ritayarsa ta matso, sai ya tara 'ya'yansa mata biyu da mazajensu. Ya ce shagon da ke jikin gidansa, mai ƙofa a bakin titi, zai ba ɗaya daga cikin surukansa ya yi sana'a a ciki, kuma ranar taron ban kwana zai miƙa mabuɗin. Surukan su ne Injiniya da Tela, mijin Yaya Babba, wanda ke ɗinki a baranda, ruwa ya dake shi, rana ta dake shi.

Duk cikinsu babu mai son shagon nan kamar Auta. Shekara shida tana kwana ɗaki ɗaya da matattun rediyoyi da gawarwakin fankoki, sai ta tsallake wayoyi kafin ta kai bakin gado. Ita ba ta da buri sai ta ga an kwashe tarkacen nan, a ce yau mijinta ma yana da wurin zuwa da safe kamar mazan mutane.

Ranar da aka yi sanarwar, Injiniya ya dawo gida bakinsa har kunne. Ya cusa matashin kai a cikin riga, ya ɗaura cokula biyar a ƙugu, ya maƙala wani tabarau marar gilashi a hanci, ya hau zagaye ɗaki yana ɗingisawa kamar Baba. Ya yi gyaran murya sau biyu, ya kaɗa cokula, ya ce, "Motar da ba a gwada ba, ba ta fita." Sannan ya cire tabaran, ya miƙa hannu ya ce, "To mun ji, tsoho. Miƙo mabuɗi ka je ka huta." Auta tana ɗaukarsa da wayarta, tana dariya har da riƙe ciki. Ni ma na yi dariyar, ba zan ɓoye ba, don kwaikwayo kam ya iya.

Washegari ya shigo shagona ya tarar da cike, ya buɗe mana shirinsa. Faifan dibidi zai yi na tarihin Baba, mai shafin zaɓi irin na manyan finafinai: ana saka faifai shafi ya fito, bidiyo yana motsi a bango, wato bayan rubutu, a gaba kuma maɓallai uku, ɗaya na jawaban direbobi, ɗaya na iyali, ɗaya na gareji jiya da yau. Kwafi sittin, kowane baƙo ya tafi da nasa.

Na ce, "Tela fa, me zai yi?"

Ya ce, "Jakunkunan da za a sa faifan zai ɗinka. Ka ga bambancin ke nan. Ni ne kaya, shi ne buhu."

Ranar Litinin ya fara. Ya karɓo jawabai daga wajen Dogo direba, wanda ya bi abokan aikinsa ya ɗauke su da waya. Ya kwashe duk bidiyon da ke wayar Auta ya juye a kwamfuta don ɓangaren iyali, kowanne ba shi da suna sai jerin lambobi. Ya buɗe manhajar haɗa faifai, ya rubuta da haruffa masu ruwan zinariya: Shekara Talatin da Biyar Bisa Ƙa'ida. Rubutu ya zauna daram. Ya jawo bidiyon gareji ya jefa a bango, ya danna tagar gwaji, wato 'yar tagar da ke nuna maka yadda aikin zai fito kafin ka buga shi a faifai. Rubutu ya fito, maɓallai suka fito, amma inda bidiyo zai motsa baƙi ƙirin kamar bayan tukunya. Sauti ma babu, amma wannan ba laifin manhaja ba ne, sifikar kwamfutar ce ya gyara bara.

Yana cikin zufa sai ga Anti Tafireta. Shekara ashirin ta yi tana buga takardu a ofishin Baba, yanzu tana da shagon fotokwafi a ƙarshen layi, ita ce ma ke haɗa wa makarantu faifan taron yaye ɗalibai. Ta leƙa ta taga, ta dubi fuskar kwamfutar sau ɗaya.

Ta ce, "Shiga wajen saituna. Akwai ɗan akwati da aka sa wa alamar maki, shi ke ɗora aikin nuna bidiyo a kan katin hoto na cikin kwamfuta, kuma tsohuwar kwamfuta irin taka ba ta ɗauka. Cire makin. Bidiyonka yana nan ciki, kai ne dai ba ka ganinsa."

Injiniya ya yi wani murmushi irin na likitan da mara lafiya ke koya wa allura. Ya ce, "Anti, da girmanki da komai, wannan ba fotokwafi ba ne. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza."

Ta ce, "Kaza ta gode," ta gyara jakarta ta wuce.

Ranar Talata laifi ya faɗa kan Dogo. Injiniya ya kira shi, ya tsare shi da ido.

"Da ka ɗauki jawaban nan, ka cire murfin kyamara kuwa?"

"Wane murfi? Waya ce fa. Ga shi ma yana yi." Dogo ya kunna, ga direbobi tar, kowa yana zuba yabo.

"A waya daban, a manhaja daban. Haskenka bai kai nauyin da ake so ba. Je ka sake, da tsakar rana, a fili."

Haka aka jera direbobi goma sha biyu a tsakiyar gareji, rana tana tsaka, suna yamutsa fuska, gumi yana shiga musu ido, suna maimaita cewa ba su taɓa jin daɗin shugaba kamar Baba ba. Ɗaya daga cikinsu jiri ya ɗebe shi yana tsakiyar yabo, sai da aka yayyafa masa ruwan radiyeta. Dogo ya kawo sabon ɗauka da yamma, wuyansa ya yi baƙi kamar taya. Aka jefa a manhaja, taga ta ƙara fitowa baƙa.

Dogo ya ce, "Idan ka ce a sake, wallahi kai zan ɗauka, a kwance."

Ranar Laraba ya gano cewa fuskar kwamfutar ce ta tsufa, ya zo aron talabijin ɗin shagona. Na ba shi, don mai rabon shan duka ba ya jin bari. Ya jona waya, ya kunna. Baƙar tagar dai ce, sai dai ta ƙara girma, har mutanen da ke wucewa a titi suna iya ganinta. Wajen dawo mini da kayana ƙafarsa ta sarƙe da waya, talabijin ya gaisa da dakali. Har yau duk mai karanta labarai a talabijin ɗin shagona kansa a rabe yake biyu.

Na ce, "Injiniya, me ke nan?"

Ya ce, "Da ma akwai tsagar a ciki. Faɗuwar ce ta taimaka ta bayyana, ka gode Allah da ka sani da wuri."

Kafin Alhamis, layinmu ya samu abin kallo kyauta. Mai faci ya bar tayoyinsa, mai wanki ya bar guga, duk suka jingina da tagar Injiniya. Ranar Alhamis ɗin ce ya yanke hukuncin cewa ƙura ce ta toshe hanyar hoto. Ya kwance cikin kwamfuta, ya ɗauki handirayata ta busar da gashi ba tare da ya tambaye ni ba, ya hura. Ƙurar shekara goma ta tashi ta sauka a kan farin mayafin da Auta ta goge don ranar taro. Da ya ɗaure, kusoshi huɗu suka rage a kan tebur.

Mai faci ya ce, "Waɗannan fa?"

"Kamfani ne ke ƙaro su don ado."

"To ka tsoma ta a ruwa mana, inda ka ga kumfa nan ne ta huje."

Mai wanki ya ce, "A'a, sitati take so. Hoton ne ya yi laushi."

Injiniya ya ce jahilci ba ya kashe mutum, da layin nan ya zama maƙabarta. Ya goge manhajar gaba ɗaya ya sake sakawa. Ya sake gogewa ya sake sakawa, har sau uku. Kowane karo ɗan akwatin nan yana dawowa da makinsa, don haka aka ƙera shi, yana zaune a wajen saituna yana jiran wanda zai leƙo. Injiniya bai leƙa ba. Da wani ne ya faɗa masa da tuni ya duba, amma tunda daga bakin Anti Tafireta ta fito, gara kwamfutar ta kama da wuta.

Ana haka Tela ya iso da jakunkuna sittin a cikin leda, ya yi sallama ya ajiye.

Ya ce, "Ƙanina, yaya aiki?"

"Ya kusa. Kai dai ka fara tunanin inda za ka kafa rumfa, don damina ta matso."

Tela ya dubi baƙar tagar, ya dubi kusoshi huɗu, ya ce, "Allah ya taimaka," ya tafi abinsa.

Ranar Juma'a, ana gobe taro, Injiniya ya shiga jefa bidiyoyi a bango ɗaya bayan ɗaya, ko Allah zai sa wani ya kama. Na Dogo, na gareji, na wayar Auta, duk mai lamba sai ya ja shi ya jefa. Bai san cewa kowanne yana shiga ba, yana ture na gabansa ya zauna a wurinsa. Ya jefa na ƙarshe a jerin, taga tana nan yadda take. Sai ya jingina da kujera, ya harɗe hannuwa, fuskarsa ta washe kamar wanda ya tsinci abin da ya ɓata.

Ya ce, "Jama'a, na gane. Manhajar ce ta fi mu hankali. Mutum kamar Baba, baƙin bango ne ya dace da shi. Kwarjini ke nan. Zinariya a kan baƙi."

Da ya danna wajen buga faifai, wani ɗan saƙo ya fito yana gargaɗin cewa maɓallan nan uku ba a haɗa su da kowane bidiyo ba. Ya rufe shi bai karanta ba, ya ce talla ce. Ya buga sittin cif.

Auta ta ce, "Don Allah ka kai guda ɗaya shagon Anti a saka a na'ura mu gani. Minti biyu ne fa."

"In kai mata ta kwafe fasahata? Kafin gobe Tela ya ji komai."

"Tela ɗinki yake yi. Me zai yi da fasaharka?"

"Ke dai shirya kayanki. Jibi war haka kina matar mai shago."

Ta tsaya tana kallonsa yana zura faifai a jakunkuna. Na ga tsoro a fuskarta, kuma na tausaya mata.

Ranar Asabar da la'asar aka cika ɗakin jiran fasinjoji na garejin. Direbobi, makanikai, masu yankan tikiti, dangi, har da mu 'yan layi. Tun daga ƙofa ake miƙa wa kowa jakarsa da faifai a ciki. Talabijin ɗin ɗakin babba ne, yana can sama a jikin bango cikin kejin ƙarfe, shi da na'urar faifai da soket ɗinsu, saboda masu dogon hannu. Bayan jawabai, Injiniya ya karɓi makirufo ya yi minti goma sha biyar yana bayanin wahalar da ya sha, da yadda wasu masu fotokwafi suka so su koya masa aikinsa. Baba da kansa ya hau benci ya buɗe kejin, aka saka faifai, ya mayar ya kulle, ya rataye mabuɗin a ƙugu, don haka doka ta ce. Injiniya ya ɗaga rimot sama yadda kowa zai gani.

Haruffan zinariya suka fito: Shekara Talatin da Biyar Bisa Ƙa'ida. A ƙarƙashinsu ba baƙin bango ba ne. Injiniya ne, da matashin kai a ciki, da cokula biyar a ƙugu, da tabarau marar gilashi, yana ɗingishi. Lasifikan garejin kuwa babu wanda ya taɓa gyara su, don haka lafiyarsu ƙalau. Gyaran murya biyu suka cika ɗaki, cokula suka yi ƙara.

"Motar da ba a gwada ba, ba ta fita. To mun ji, tsoho. Miƙo mabuɗi ka je ka huta."

Sai dariyar mace daga bayan kyamara, mai tsawo, har da shessheƙa.

Shi kuwa shafin zaɓi, aikinsa ke nan: idan bidiyon bango ya ƙare, ya koma farko, har sai an zaɓi wani abu. Ya koma farko. Injiniya ya danna maɓallin jawaban direbobi, ya koma farko. Ya danna na iyali, ya koma farko. Ya danna na gareji da ƙarfin da ya sa murfin rimot ya ɓalle, batura suka gangara ƙarƙashin bencin mata. Ya durƙusa yana lalube tsakanin takalma, a sama kuma ga shi can yana cewa tsoho ya miƙo mabuɗi. Ya tashi ya yi tsalle ya kama keji, keji a kulle. Mutum ɗaya ne a duniya zai iya kashe abin nan, kuma yana zaune a kujerar gaba ya ɗora ƙafa kan ƙafa.

Sau huɗu Baba ya kalla. Direbobi sun cusa huluna a baki, kafaɗunsu suna rawa. A na biyar ya miƙe, ya yi gyaran murya sau biyu, daidai lokacin da na talabijin ya yi nasa. Nan ɗaki ya fashe. Wani bakanike har ƙasa.

Baba ya jira suka lafa. Ya hau benci, ya buɗe keji, ya kashe, ya kulle, ya sauko.

Ya ce, "Kwaikwayo ba ya ba ni haushi. Dogo ya fi ka iyawa, shekara ashirin yana yi a bayan ofishina, yana zaton ban sani ba." Dogo ya shaƙe da lemon da yake sha. "Dariyar ma na san mai ita, tun tana goye nake jin ta." Auta ta rufe fuska da mayafin da har yanzu akwai tabon ƙura a gefensa. "Tambaya ɗaya zan yi maka. Ka gwada faifan nan kafin ka fito da shi?"

"Baba, wato tagar gwajin ce ta samu wata matsala ta musamman, wadda ko a kamfanin..."

"Ka gwada?"

"Akwai ƙarancin lokaci, Baba, ga kuma masu hassada..."

"Ka gwada?"

Injiniya ya dubi ƙasa ya ce, "A'a."

Baba bai faɗi dokar ba. Ya dai turo tabarau kan hanci, sai ɗaki gaba ɗaya ya faɗa masa ita da murya ɗaya, har da Anti Tafireta da ke cin biskit a layin baya. Ya karɓi jaka guda daga hannun wani baƙo, ya zare faifan ya ajiye a gefe, ya juya jakar ciki waje, ya ja ɗinkin da ƙarfinsa ta nan, ya ja ta can. Zare ko ɗaya bai motsa ba. Ya ciro mabuɗin shago daga ƙugunsa ya sa a hannun Tela.

Injiniya ya ruga bakin ƙofa yana roƙon a dawo masa da faifai, wai akwai ɗan gyara. Babu wanda ya ba shi. Dogo ma biyu ya ɗauka, ya ce ladan tsayuwar rana ne.

Kafin rana ta faɗi muka dawo layi. Ina share gashi a shago na hango Auta ta tsallake wayoyi, ta ture wata matacciyar rediyo daga kan kujera, ta zauna gaban kwamfuta. Ta shiga wajen saituna, ta nemo ɗan akwatin, ta cire makin. Tagar gwaji ta kawo haske nan take. Ga mijinta da matashin kai a ciki, yana kaɗa cokula ba sauti, yana miƙo hannu.

Injiniya ya leƙo ta bayan kafaɗarta, ya gyaɗa kai.

Ya ce, "Ai tun Litinin na zargi wurin nan."

Bidiyon ya ƙare ya koma farko. Auta ta zauna tana kallo, hannunta a kan cinya, tsakanin rediyoyi da fankoki. Wannan karon ba ta yi dariya ba.